Sabon Inji da Tsohon Kafireto: Arahar da Ke Kashe Motar Naitiro

Duk wanda ya riƙe motar rimot mai shan man naitiro ya san ranar da injinta zai gaji tana nan tafe. Matsin fistin zai ragu, tayarwa ta koma wahala, in injin ya ɗau zafi ya mutu ya ƙi tashi sai ya huce. A lokacin ne mai mota ke shiga neman sabon inji, kuma a lokacin ne wata tambaya ke taso masa: tunda kafireton tsohon injin yana nan kalau, me zai hana a cire shi a ɗora wa sabon? Wani ya samu inji da sauƙin kuɗi saboda ba ya ɗauke da kafireto. Wani kuma nasa ya zo da kafireto, amma bai yi daidai da sandar totur ɗin motar ba, sai yake ganin mafi sauƙi ya mayar da tsohon ya huta.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Kafireto ɓangaren inji ne, tare aka auna su, tare ya kamata su zauna. In ka sauya inji, ka bar shi da kafireton da masana'antarsa ta yi masa, sannan ka gyara sandar totur da matatar iska su bi shi. Akwai wuraren da za a iya saɓa wannan ƙa'ida, kuma zan kawo su, amma ba su da yawa, kuma kowannensu sai da awo.

Wace irin mota ake magana a kai?

Ga mai karatun da bai saba da harkar ba, waɗannan ba motocin yara masu batir ba ne. Injin gaske ne a cikinsu, mai fistin ɗaya, mai bugu biyu, dangin injin ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Sai dai shi ba fetur yake sha ba. Mansa haɗi ne na metanol, da naitirometen wanda yawanci yake tsakanin kashi 10 zuwa 30 cikin 100, da man santsi, na zurma ko na masana'anta ko duka biyun. Fuloginsa ba ya tartsatsi. Wata 'yar waya ce a ciki da ake zafafawa da batir lokacin tayarwa, daga nan ta ci gaba da yin ja da kanta muddin injin yana aiki. Wannan inji da bai wuce dunƙulen hannu ba yana iya juyawa sau 30,000 a minti ɗaya, wato sau 500 a daƙiƙa guda.

Motoci masu manyan tayoyi na wannan aji sun yi tashe ne bayan da kamfanin Traxxas na jihar Texas a Amurka ya fito da T-Maxx a 1999. HPI ya biyo da Savage a 2002, Traxxas ya ƙaro Revo a 2004. Yau motocin lantarki sun karɓe kasuwa, amma waɗancan tsofaffin suna nan da yawa a hannun mutane da kasuwar kwance, jikinsu garau, injinsu a gajiye. Shi ya sa maganar sauya inji ba ta ƙarewa.

Girman injinan ana kiransa da lambobi biyu. Inji .15 a ma'aunin Amurka shi ne 2.5cc, .18 shi ne 3.0cc, .21 shi ne 3.5cc, .28 kuma 4.6cc. Masu harkar sun raba su gida biyu, ƙaramin bulok da babban bulok. Ka riƙe wannan: lambar tana gaya maka girman cikin silinda ne kawai. Ba ta ce komai ba game da ramin da kafireto ke shiga.

Kafireto marar kofi

Wanda ya saba da garejin babura zai ga kamar ana tsananta magana, don a can sauya kafireto aikin kullum ne. Amma kafireton babur yana da kofi a ƙasansa, da ɗan abin da ke yawo a kan mai yana buɗe hanya yana rufewa, don haka mai yana tsaye a mataki ɗaya koyaushe. Manyan motocin rimot masu shan fetur, irin su Baja 5B ta HPI, nasu kafireton yana da ɗan famfo a ciki. Na motar naitiro ba shi da ko ɗaya. Bututu ne kawai mai ƙuntataccen maƙogwaro, da ƙofa, da allurai.

Abu biyu ne ke kawo masa mai. Na farko zuƙar da iska ke yi idan ta ratsa maƙogwaro da gudu. Na biyu ɗan matsin da wata tiyo ke ɗebowa daga salansa ta kai cikin tanki, ya turo man gaba. Haɗin iska da mai yana sauka ta wuyan kafireto, ya shiga wata taga da aka yanke a jikin karanshaf, ya bi ta cikinsa zuwa cikin inji, sannan ya hau silinda.

To duk wata kafa da ta samu tsakanin maƙogwaro da karanshaf tana yin ɓarna biyu a lokaci ɗaya. Tana shigo da iskar da ba ta bi ta wajen allura ba, kuma tana rage ƙarfin zuƙar da ke janyo mai. Iska ta ƙaru, mai ya ragu. Shi ne ake cewa inji ya yi ƙishi.

A injin fetur ƙishi matsala ce, a injin naitiro kuwa ajali ne. Dalili na farko, wannan mai ne da ake sha da yawa. Fetur yana buƙatar iska kusan ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone tsaf, metanol kusan 6.4, naitirometen kusan 1.7 kacal. Dalili na biyu, metanol ɗin da ke ƙafewa a cikin inji yana ɗauke wani kaso na zafi. Na uku, kuma mafi muni, babu wani tankin baƙin mai daban. Man da ke shafe fistin da konrod da boris yana cikin man sha ne. Ka rage mai, ka rage sanyaya, ka rage santsi, duk a lokaci guda, a injin da ke bugu sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Traxxas ya sa digiri 270 a ma'aunin Faranhait, wato kusan digiri 132 a ma'aunin Salshiyos, a matsayin iyakar zafin injinansa. Inji mai shan iska ta gefe yana iya wuce wannan kafin tanki ɗaya ya ƙare.

Wuya: kama da wane ba ta wane

Matsalar farko da mai sauyi zai haɗu da ita ita ce babu wani ma'auni ɗaya da masana'antu suka amince da shi kan wuyan kafireto. O.S. na birnin Osaka a Japan yana da nasa, masu ƙera injin tsere a Italiya irin su Picco suna da nasu, masana'antun Taiwan da ke yi wa motoci da yawa inji su ma haka. Ko a cikin injinan .21 kaɗai, za ka samu mai wuya milimita 15, ka samu mai 14, ka samu mai 13. Na ƙaramin bulok ya fi haka sirantaka. Bambancin milimita ɗaya ido yana iya gani. Wanda ke kashe inji shi ne bambancin da bai kai rabin milimita ba, wanda kafireto zai shiga ya zauna kamar nasa ne.

Bayan kauri akwai tsawo. Karanshaf yana juyawa ne daidai ƙarƙashin ramin. In wuya ya cika tsawo, ko ya hana kafireto sauka ya danne zoben robar da ke toshe iska, ko ƙasansa ya goga karanshaf ya zuba garin ƙarfe a cikin inji. In ya gaza, abin ɗaurewa ba zai kama shi da kyau ba.

Sai hanyar ɗaurewa. Yawancin injinan mota suna da wata sanda da ke ratsa gefen ramin, in ka ƙara noti ta matse wuyan ta gefe ɗaya. Wasu kuma sukurori biyu ne ke shiga jikin wuyan kai tsaye. Kafireton da aka yi wa ɗaya ba lallai ya karɓi ɗayan ba. Kuma waccan sandar matsewa aikinta riƙewa ne, ba cike gurbi ba. In wuyan ya yi sako-sako ka ƙara noti da ƙarfi, tura shi za ta yi ya jingina da bango ɗaya, ɗaya gefen ya buɗe kafa kamar jinjirin wata. In wuyan na roba ne mai tauri ko siririn alminiyam, sai ya lotsa, ya daina zama da'ira har abada.

A nan ne dabaru ke fitowa. Wani ya naɗa tef, wani ya yanko gwangwanin lemo ya zagaya, wani ya cika gurbin da gam mai haɗi biyu. Duk suna aiki a kan tebur, inji a sanyaye. Da inji ya yi zafi alminiyam zai buɗe, girgiza ta sassauta naɗin, man naitiro ya jiƙa tef ya narkar da gam ɗinsa. Kafar za ta riƙa buɗewa tana rufewa gwargwadon zafi. Sakamakon shi ne injin da ba ya karɓar saiti: yanzu mai ya yi masa yawa, bayan minti biyar ya yi ƙishi, ka saki totur silo ya ƙi sauka. Mai shi zai yi ta murɗa allura yana zagin sabon inji, alhali ciwon yana wuya.

Maƙogwaro: babba ba shi ne mai ƙarfi ba

A ce wuya ya dace. Saura faɗin maƙogwaro. Mutane da yawa suna ganin in aka buɗe wa inji hanya zai ƙara ƙarfi, don haka suna murna in kafireton da ke hannunsu ya fi na asali faɗi. Lissafin bai goyi bayansu ba.

Rami mai faɗin milimita 6 filinsa kusan murabba'in milimita 28 ne. Mai milimita 8 kusan 50. Mai milimita 9 kusan 64, wato ya ninka na farkon fiye da sau biyu. Iskar da inji ke iya ja kuwa girman silindarsa da saurin juyinsa ne ke ƙayyade ta. In ƙaramin inji ya ja iska ta babban rami, gudunta zai ragu, zuƙa ta yi rauni, mai ya riƙa zuwa a tsittsinke. Za ka taka totur daga tsaye injin ya shaƙe ko ya mutu. Ga mota mai manyan tayoyi da ta haura kilo 4, wadda yawancin aikinta tashi ne daga tsaye da hawa tudu, wannan shi ne daidai wurin da take buƙatar ƙarfi.

In kuma aka juya, aka ɗora ƙaramin kafireto a kan babban inji, kamar wanda ya tashi daga 2.5cc zuwa 4.6cc, injin zai yi silo lafiya, ya tashi da kuzari, amma ya ƙare numfashi da wuri. Ka biya kuɗin babban inji kana tuƙa rabinsa.

Masu tsere sun san darajar wannan awo. Dokokin hukumar IFMAR, mai shirya gasar duniya ta motocin rimot, sun ƙayyade faɗin maƙogwaro: milimita 9 ga injinan 3.5cc na motocin kwalta, milimita 5.5 ga ƙananan injinan .12. Kuma injinan .21 masu kyau suna zuwa da zobban maƙogwaro da ake cirewa a sauya, daga wajen milimita 6 zuwa 9. Masu tseren ƙasa sau da yawa ƙananan suke zaɓa, don mota ta yi biyayya kuma tanki ya daɗe. Wanda ke son canza halin injinsa, wannan zoben shi ne hanyar da masana'anta ta buɗe masa, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Allurai da littafin da ya daina amfani

Kafireton mota yana da babbar allura mai kula da mai a cikakken gudu, da ƙarama mai kula da silo da farkon tashi, da sukurun da ke hana ƙofa rufewa ruf. Wasu suna da allura ta uku ta tsakiyar gudu. Kowace allura tana da irin fiƙewarta da irin zarenta, kuma an zaɓe su ne bisa yadda wannan injin ke shan mai.

Muhimmancin wannan yana fitowa ne a ranar farko. Sabon injin naitiro yana zuwa da fistin a matse a saman silinda da gangan, kuma sai an hore shi a hankali da mai mai yawa kafin a sake shi. Littafin Traxxas, alal misali, ya tsara horon a kan tanki 5, ya ce a fara da babbar allura a buɗe juyi 4 daga rufe, a bar ƙofar silo tsakanin milimita 0.7 zuwa 1. Wasu kamfanonin cewa suke a daidaita kan allurar da bakin gidanta. Waɗannan lambobi na wancan kafireton ne a kan wancan injin. Ranar da ka haɗa injin wani da kafireton wani, littattafan biyu sun tashi aiki. Juyi 4 a wannan allura na iya zama ambaliya, a waccan ya zama ƙishi. Za ka yi lalube a daidai lokacin da injin ya fi rauni, kuma abin da ya karce a horo ba ya gyaruwa.

Mai zamiya da mai juyi

Yawancin masu mayar da tsohon kafireto ba rowa ce ta sa su ba, sandar totur ce. Kafireto iri biyu ne. Akwai mai juyi, wanda ɗan hannu ke murɗa wata ganga a ciki. Akwai mai zamiya, wanda ake jan ƙofarsa a miƙe zuwa gefe. T-Maxx ta farko mai injin TRX Pro .15 mai juyi take da shi. Da injin TRX 2.5 ya zo a 2002 sai aka koma mai zamiya. Wanda ke da tsohuwar mota ya sayo sabon inji, zai tarar sandarsa tana ja ta inda ba a buƙata.

Tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa ita ce: a cikin abubuwan biyu da suka ƙi jituwa, wanne ne kuskure a kansa ya fi araha? Sandar totur waya ce da 'yan ƙulle-ƙulle da sifirin. In ka lanƙwasa ta ba daidai ba, ido zai nuna maka tun kafin ka tayar da inji, ka miƙe ta ka sake. Ana iya juya hannun sarbo, wato ɗan injin lantarkin da ke jan totur da birki, ana iya sa ɗan maƙalin da ke karkatar da ja, ana iya juya alkiblar sarbon daga rimot, ana iya murɗa kafireton kaɗan a raminsa ya fuskanci sandar. Kuskuren wuya kuwa ba a ganinsa sai ya gama aiki. Wanda ya taɓa wuya don ya guje wa gyaran waya, garin gyaran gira zai rasa ido.

A gyaran sandar ma akwai abin kiyayewa, kuma ya shafi lafiyar mutane. Ja ya kasance a miƙe, don in sanda tana jan ƙofa a karkace za ta ci gefe ɗaya, wata rana ta maƙale a buɗe. A saita iyakar tafiyar sarbo daga rimot yadda ba zai ci gaba da ja ba bayan ƙofa ta kai ƙarshe. A sa sifirin ɗin da zai rufe totur da kansa in batir ya mutu ko sanda ta fita. Traxxas na tallar T-Maxx 3.3 da gudun da ya haura mil 45, wato fiye da kilomita 70 a awa. Abu mai kilo 4 da ya ƙwace a wannan gudu yana iya karya ƙafar mutum.

Wa ya kashe tsohon injin?

Akwai tambayar da masu cewa tsohon kafireto lafiyarsa lau ba su cika yi ba. Me ya kashe injin da aka cire shi daga kai? In tsufa ne bayan ya sha galan-galan na mai, to kafireton ma shekarunsu ɗaya: zobban robar allurai sun bushe, ƙofar ta sassauta, robar da ke rufe ta ta tsage. In kuwa injin ya mutu da wuri, manyan dalilan da aka sani biyu ne, ƙishi da ƙura, kuma dukansu ta kafireto suke bi. Ƙurar da ta wuce matata ta cinye fistin, sai da ta fara goge ƙofar kafireto kafin ta isa can. Ga wanda ke wasa da motarsa a fili lokacin hunturu, inda ƙura ke shiga ko ɗakin da aka rufe, wannan ba ƙaramin zargi ba ne. Ɗaukar kafireton da ake tuhuma a ɗora wa sabon inji, ba tare da an bincike shi ba, ba tsimi ba ne.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu sauyi suna da hujjoji uku da suka cancanci amsa.

Ta farko, akwai kafiretocin da kamfani da kansa ya ce sun dace da inji fiye da ɗaya. Gaskiya ne. Traxxas yana sayar da kafireto ɗaya ga TRX 2.5 da 2.5R da 3.3 wanda ya fito a 2006. In masana'anta ta rubuta haka a jerin kayanta, magana ta ƙare, sai dai a duba lafiyar tsohon. Wannan bai rushe ƙa'idar ba, domin wanda ya ƙera injin ne ya yi awon.

Ta biyu, ƙwararrun 'yan tsere sun daɗe suna ɗora kafireton O.S. a kan injinan wasu kamfanoni saboda yana riƙe saiti. Wannan ma gaskiya ne. Amma a duba yadda suke yi. Suna auna wuya da ma'aunin kauri, in akwai gurbi a yanka musu hannun riga na ƙarfe a injin gyaran ƙarfe daidai da ramin, suna da ma'aunin zafi a aljihu, kuma kunnensu ya san kukan inji mai ƙishi tun kafin ya yi lahani. Sannan yawanci a kan injin da ya riga ya horu suke yi, wanda suka san halinsa da kafiretonsa na asali. Mai wannan ilimi ba ya buƙatar shawarata. Mai tambayar ko zai dace kuwa, tambayar tasa ta nuna bai kai nan ba tukuna.

Ta uku kuɗi da nisa. Ga wanda ke sayo kaya daga Amurka ko Turai ko Sin, kowane ƙaramin abu yana nufin canjin dala da kuɗin aikowa da makonnin jira. Na yarda wannan nauyi ne. Amma shi ne ma ya fi ƙarfafa ra'ayina. Wanda shagon kayan gyara ke bayan gidansa yana iya caca da inji, in ya ƙone gobe ya sayi fistin da silinda. Wanda zai jira wata guda ya sake biyan kuɗin jirgi, shi ne ya fi kowa buƙatar abin ya yi daidai tun karon farko. Kafireto kaso ne kaɗan na kuɗin inji. Araha ba ta ado.

Masu sayarwa ma da nasu

Ba duka nauyin ke kan mai saye ba. A shagunan intanet za ka ga kafireto an rubuta masa cewa ya dace da injinan .21 zuwa .28, shi ke nan. Wannan rubutu bai gaya wa kowa komai ba, tunda mun ga lambar girman inji ba ta da alaƙa da ramin. Abin da ya kamata a rubuta lambobi uku ne: kaurin wuya, tsawonsa, da faɗin maƙogwaro. Masu ƙera inji su ma ba kasafai suke sa awon ramin a takardar bayani ba. Mai saye ya tambaya kafin ya biya, in mai shago ya kasa ba da lambobin, ya wuce gaba.

Kuma an nuna cewa ana iya yin abin da kyau. O.S. ya ƙera 18TM da 21TM musamman don T-Maxx da Revo. Sun zo da kafiretonsu mai zamiya da ke fuskantar inda sandar motar take, da wuyan salansa da ya dace, kuma suna karɓar na'urar tayarwa ta EZ-Start. Irin wannan inji ya fi tsada a takarda, amma ya ɗauke maka sayen ƙananan abubuwa biyar. Domin kafireto ba shi kaɗai ke ba da matsala ba: akwai irin bakin karanshaf da kuloci ke hawa, akwai ramukan mazaunin inji, akwai ko salansa ta gefe take fita ko ta baya, akwai hanyar tayarwa. Wanda ya duba waɗannan kafin saye, da wuya ya tsinci kansa yana naɗa gwangwani.

In ya zama dole

In injin da kake so ba a samunsa da kafireto, ko nasa ya karye kuma an daina yin irinsa, ga abin da nake ganin bai kamata a tsallake ba:

1. Auna ramin inji da wuyan kafireto da ma'aunin kauri, ba da ido ko rula ba. Ya shiga da ɗan matsi, ba ya girgiza tun kafin a ɗaure.
2. Auna zurfi. Bayan ya zauna, juya karanshaf da hannu ka tabbatar babu abin da ke gogawa.
3. Faɗin maƙogwaro ya yi daidai da na asali, ko ya gaza kaɗan. Kada ya fi.
4. Sauya duk zobban roba. Danna kafireton ƙasa da yatsa yayin ɗaure noti, kuma kada ka wuce kima. In za ka shafa silikon, ɗan kaɗan, kuma marar warin tsami, don mai warin yana sa ƙarfe tsatsa.
5. Gwada yoyo inji a kashe. Toshe bakin kafireto da salansa, hura iska ta tiyon mai, ka shafa ruwan sabulu a wuya da murfin baya. Kumfa ta tashi, akwai kafa.
6. Fara da mai mai yawa, hayaƙi na fita sosai, ka riƙa rufe allura kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya cikin 8 na juyi ko ƙasa da haka, kana duba zafi. Don gwada ƙaramar allura, matse tiyon mai a silo: ya kamata injin ya yi daƙiƙa 2 zuwa 3, ya ɗan ɗaga murya, sannan ya mutu. In ya mutu nan take, yana da ƙishi.

In ɗaya daga cikin ukun farko bai yi ba, ka dakata. Ka ajiye injin a kwalinsa ka nemi kafireton da ya dace, ko ka kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya yanka maka hannun riga na gaske. Injin da ke kwali ba ya lalacewa don ya jira wata guda. Tsohon kafireton kuma ka wanke shi, ka sa a leda tare da tsohon injinsa. Wata rana za ka samu fistin da silinda na wancan injin, su koma aiki tare kamar yadda aka yi su.